Tambaya da Amsa: Kwandalolin Azurfa na Tsohuwar Daular Rum

Wasiƙun wannan watan sun fi yawa a kan kuɗin azurfar Rumawa, musamman wanda ake kira dinariyus. Kada sunan ya rikita mai karatu: dinarin da muka sani a littattafan fiƙihu na zinariya ne, shi kuwa dinariyus ƙaramar kwandalar azurfa ce mai faɗin milimita 17 zuwa 20. Masu aiko da hoto a riƙa ɗaukar fuska da baya da gefe, a rubuto nauyi da faɗi. Hoton fuska kaɗai ba ya isa a yanke hukunci.

Tambaya: Assalamu alaikum. A kayan kakarmu akwai wata babbar azurfa da aka huda aka rataya a sarƙa. Gefe ɗaya mace ce da lulluɓi, ɗayan kuma tsuntsu mai kai biyu. Na ga R. IMP. a jiki, wani ya ce ma'anarsa sarauniyar Rumawa. Ta zamanin Kaisar ce? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya fassara miki bai yi ƙarya ba, sai dai kwandalar ba ta ga zamanin Kaisar ba. Dalar Mariya Tereza ce ta Ostiriya, wadda kakanninmu suke kira liyari. Juya ta wajen tsuntsun, za ki ga 1780 a ƙarshen rubutun. A shekarar sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ɗaya a Biyana da wasu birane irin su Landan da Bombay, saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba sa karɓar wata siffa. Rum ɗin da ke cikin laƙabinta wata daula ce ta Turai da ta ari sunan ɗaruruwan shekaru bayan ta asali ta faɗi. Fatake sun shigo da ita ƙasar Hausa da Barno ta hamada, maƙera kuma sun narkar da ita da yawa sun yi munduwa da zobba.

Nauyinta giram 28, faɗinta kusan milimita 40, azurfarta kashi 833 cikin 1000. Sai an tara dinariyus 7 ko 8 kafin su yi nauyin guda. Duk kwandalar da kika ga shekara a jikinta da lambobi irin namu, ko rubutu zagaye da bakinta, ko ta fita da'ira cif kamar aikin inji, to ba ta tsohuwar Rum ba ce. Ki adana ta a matsayin gado, darajarta a kasuwa ba ta wuce ta azurfar da ke cikinta da yawa ba.

Tambaya: Na sayi dinariyus a wajen wani dillali a Ingila. A fuska an rubuta IMPTRAIANOAVGGERDACPMTRP, a baya COSVPPSPQROPTIMOPRINC, duk a haɗe. Yaya ake karanta wannan, kuma ta ina zan san shekararsa? Daga wani malamin tarihi a Zariya.

Amsa: Malam, ka samu wanda ya dace a koyi karatu da shi. Rubutun yakan fara daga ƙasa ta hagu ya bi yadda hannun agogo ke tafiya, kuma masu sassaƙa hatimin ba su cika barin fili tsakanin kalmomi ba. Harafin V shi ne U a wajensu, I kuma yana zama J. In ka yanyanka shi, ga abin da zai fito. IMP laƙabin kwamandan da ya ci yaƙi ne. TRAIANO sunan sarkin, wato Tarajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117 Miladiyya. AVG shi ne Agustas, sarautar da kowane sarki ya gada. GER da DAC laƙabin nasara ne a kan Jamusawa da mutanen Dasiya, inda Romaniya take a yau. P M shugaban masu hidimar addinin Rum. TR P ikon wakilin talakawa, wanda ake sabunta wa sarki kowace shekara. A baya, COS V na nufin ya riƙe babban muƙamin nan na konsul sau 5, P P uban ƙasa, SPQR majalisar dattawa da jama'ar Rum, OPTIMO PRINC kuma yabo ne, mafificin shugaba.

Shekarar tana cikin waɗannan muƙamai. Tarajan ya hau konsul karo na 5 a 103, na 6 kuma a 112, saboda haka naka an buga shi tsakanin 103 da 111. Da akwai PARTHICO a cikin laƙabin, da ka san bai gabaci 116 ba.

Inda aka sa lamba bayan TR P aikin ya fi sauƙi, domin ita ce ke ƙaruwa shekara-shekara. TR P XVIII a kuɗin Saftimiyus Seferus 210 ke nan, amma a kuɗin ɗansa Karakalla 215, don kowa daga ranar da aka ba shi ikon ake fara masa lissafi. A nan ne sababbin masu tarawa suke tuntuɓe: suna ƙirga TR P daga ranar hawa gado. Markus Aureliyus ya hau a 161, amma tun 147 yake riƙe da wannan iko, shi ya sa kuɗinsa na shekarar hawa ke ɗauke da TR P XV, TR P XX kuma ya faɗo a 166. COS ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Hadiriyan ya kai COS III a 119 ya tsaya a nan har rasuwarsa a 138.

Hoton baya ma karatu ne. Mace mai fukafukai riƙe da reshen dabino alamar nasara ce, mai ma'auni a hannu alamar adalci a ciniki, mai reshen zaitun zaman lafiya. Da ka haɗa sunan sarki, rubutun baya da abin da ke hannun hoton, sai ka nema a OCRE, rumbun kyauta na intanet da ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Amurka ke kula da shi. Zai ba ka lambar RIC, wato kundin da aka fara wallafawa a 1923 wanda dillalai ke ambato. Kuɗin da suka gabaci sarakuna, na zamanin jamhuriya, lambar kundin Crawford na 1974 ake ba su.

Tambaya: Ina da guda biyu, duka an rubuta ANTONINVS PIVS, amma ɗaya dattijo ne mai gemu, ɗayan yaro. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, sarakuna huɗu ne suka fi rikita mutane da wannan suna, kuma jerin kalmomin ne ke raba su. ANTONINVS AVG PIVS, da AVG a tsakiya, Antoninus Fiyus ne na 138 zuwa 161, dattijon naka ke nan. M ANTONINVS AVG mai cukurkuɗaɗɗen gashi da dogon gemu Markus Aureliyus ne. ANTONINVS PIVS AVG Karakalla ne, ana ganinsa yaro sannan ya girma ya murtuke fuska, a ƙara masa BRIT daga 210, GERM daga 213. In kuwa an fara da IMP, fuskar ta saurayi ce, ga tauraro a filin baya ko sarkin na tsaye gaban wurin hadaya, to Elagabalus ne na 218 zuwa 222. Sunayen Karakalla da Elagabalus da muke kiransu da su laƙabi ne, kada ka tsaya nemansu a matsayin sunan sarki a rubutun fuska.

Tambaya: Na auna nawa biyu. Na Tibariyas giram 3.7, na Seferus giram 3.0, kuma na biyun ya fi duhu. Na biyun jabu ne? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, duka biyun suna cikin iyakarsu. Nauyi ba ya magana sai an san zamanin. An fara buga dinariyus wajen 211 kafin Miladiyya, ana tsakiyar yaƙi da Hanibal, jagoran sojan Kartaj, a kan giram 4.5, wato guda 72 daga awon Rum ɗaya mai kusan giram 327. Ba a daɗe ba aka koma guda 84, kimanin giram 3.9, haka ya zauna har zamanin Agustas, sarkin Rum na farko, da magajinsa Tibariyas, azurfarsa kusan zalla. A 64 Miladiyya Nero ya mai da shi guda 96, kimanin giram 3.4, ya ƙara jan ƙarfe. Daga nan kowane sarkin da albashin soja ya matse shi sai ya ƙara tsarma. Seferus, ɗan Leptis Magna da ke Libiya ta yau, ya kai shi ga kusan rabi azurfa rabi jan ƙarfe. Duhun da ka gani daga nan yake.

A 215 Karakalla ya fito da wata babba mai kusan giram 5, wadda masana ke kira antoniniyanus. Alamarta kambi mai tsinaye kamar hasken rana a kan sarki, in mace ce kuma jinjirin wata a ƙarƙashin kafaɗunta. Ana ganin ta ci dinariyus biyu, alhali nauyinta na ɗaya da rabi ne. Kafin ƙarshen mulkin Galiyenus a 268 azurfar cikinta ta sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100, sai ɗan fari da aka shafa a sama. Azurfa mai kyau ta dawo a 294 da kuɗin Diyokiletiyan, wasunsu da XCVI a baya, wato guda 96 daga awon Rum ɗaya. A ƙarni na 4 sai silikwa, siririya mai kusan giram 2, da alamar gidan bugu a ƙasan baya: TRPS na Tiriya a Jamus, MDPS na Milan. In ka ga silikwa an datse bakinta har rubutu ya tafi, tsohon aiki ne. Taskar Hoxne da aka tono a Ingila a 1992 tana da silikwa sama da 14,000, mafi yawansu a datse.

Gogewar hannu takan ci kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, zama a ƙasa kuma yakan tsotse jan ƙarfen ciki. Abin da zai tayar da hankali shi ne dinariyus na Agustas ko Tibariyas mai kaifin zane, bai goge ba, amma ya tsaya a giram 2.8.

Tambaya: Ni maƙerin fari ne. An kawo mini ɗaya a ce in gwada. A sana'armu mukan goga a dutse, mu ɗiga ruwan gwaji, ko mu ɗan ci gefe da magagari mu ga ciki. Zan iya yi masa haka? Daga wani maƙeri a Agadas.

Amsa: Ranka ya daɗe, ajiye magagarin. Gwajin naku daidai ne ga munduwa, amma a nan tabo ɗaya na iya zubar da rabin kuɗin abin, kuma ba zai amsa tambayar ba. Ƙwararrun masu jabu da azurfa ta gaske suke aiki, domin giram 3 na azurfa ba komai ba ne a kan abin da za su karɓa. Kada kuma ka jefa shi a ƙasa don jin ƙara. Azurfar da ta yi shekaru dubu biyu a binne takan bushe ta yi burtsi-burtsi a ciki, ƙararta ta mutu, tana faɗuwa a siminti ta rabe biyu.

Idonka na maƙeri shi ne babban makaminka, domin ka san bambancin zubi da bugu. Rumawa bugawa suke yi: a ɗora ɗan dunƙulen azurfa a kan hatimin da aka kafa a uwar maƙera, a sa wani hatimin a sama, a sauke guduma. Ƙarfen yana gudu daga tsakiya zuwa baki, ya bar siraran layuka a bayan haruffa suna nufar waje. Haruffan suna tashi da kaifi daga fili. In bakin ya tsage, tsagar tana shiga ciki da kaushi a ɓangarorinta. Nemi gilashi mai ƙara girma sau 10 ka duba waɗannan. Na zubi kuwa zanensa a narke yake kamar sabulun da aka fara wanka da shi, fili da ƙananan ramuka zagayayyu na kumfar iska ko ƙuraje a kusurwar haruffa, tsagar baki a cike, gefe kuma da layin haɗin mazubi ko sawun magagarin da aka share layin da shi.

Wata hujjar da ba ta da ja ita ce tagwaye. Aikin hannu ba ya fitar da biyu iri ɗaya. Hatimi ɗaya zai iya buga dubbai, amma in ka ga biyu da karkata ɗaya, tsaga ɗaya a wuri ɗaya, gogewa ɗaya, to daga uwa ɗaya aka zuba su.

Mayen ƙarfe yana kama na baƙin ƙarfe ne kawai, dalma da kuza da jan ƙarfe duk za su wuce shi. Gwajin ruwa ya fi shi. Auna kwandalar a bushe. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli ka mai da shi sifili, ka ɗaure ta da siririn zare ka nutsar ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba, ka karanta. Raba nauyin farko da na biyu. Azurfa zalla 10.5 take bayarwa, jan ƙarfe kusan 9, kuza 7.3, dalma 11.3. Mai giram 3.8 na azurfa mai kyau zai nuna kusan 0.36 a ruwa, na jan ƙarfe 0.42. Ka ga tazarar kaɗan ce, don haka sikeli mai lamba uku bayan ɗigo ake so, kuma kumfa ɗaya da ta maƙale a zare ta isa ta ɓata lissafi.

Akwai kuma jabun da shi kansa tsoho ne. Tun a zamanin Rumawa ana naɗe jan ƙarfe da fallen azurfa a buga. Za ka gane shi da rashin nauyi da wuraren da fatar ta ɓare, kore ko ja na leƙowa, galibi a kan kunci da baki. Ana tara irinsu, a faɗi gaskiyar abin da suke, a sayar da araha. Wasu na zamanin jamhuriya kuma bakinsu a tsattsage yake kamar haƙoran zarto tun daga gidan bugu, wannan ba lahani ba ne, ko da yake an samu masu fallen azurfa a cikinsu su ma.

Tambaya: Nawa sun yi baƙi. In wanke da toka da lemun tsami kamar yadda muke wa 'yan kunne? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: A'a, Malama. Baƙin nan ko ruwan toka mai sheƙi haɗuwar azurfa ce da farar wutar da ke cikin iska, ba ya cin ƙarfe, masu saye ma suna ƙara kuɗi a kansa. Toka, man goge baki, kanwa da soson ƙarfe duk suna barin ƙananan karce da ba sa gyaruwa.

In ƙasa ce ta manne, jiƙa a tataccen ruwa irin na kantin magani, ki canza kullum na mako ɗaya ko biyu, ki bi da burushi mai laushi da tsinken sakace. In za ki saya a wajen masu batir ki tabbata tataccen ruwan ne, ba mai asid ba. Koren da ya daskare a kan dinariyus mai azurfa sosai, na kafin Seferus, ana iya sa masa lemun tsami da aka tsarma rabi da rabi da ruwa na minti 5, a ɗauraye sosai, a duba, a maimaita in da bukata. Kada a yi wa antoniniyanus haka, zai kwashe ɗan farin ya bar jan ƙarfe tsirara. Ɓawo mai ruwan toka da ɗan shuɗi-shuɗi mai kama da kakin zuma, azurfar ce da kanta gishirin ƙasa ya canza, cire shi rami zai bari. Kore mai haske da ke zuba kamar gari kuwa ciwo ne mai ci, ware wannan kwandalar daga sauran, ki tsare ta daga laima.

Wajen ajiya, kowace da 'yar ambulan ɗinta ta takarda marar asid, santimita 5 da 5, a rubuta sarki, nauyi, faɗi, lambar kundi da inda aka saya. Leda mai laushi irin ta PVC tana fitar da wani kore mai danƙo, musamman a zafin bazara. In ya riga ya kama, asiton zalla yana narkar da shi, amma ban da na goge farce mai haɗin mai. Nisanta su da robar ɗaure kuɗi, jarida, ulu da ashana. Da damina a sa 'yan ƙunshin silika masu shan laima a akwatin. A riƙe ta gefe, a kan tebur mai shimfiɗa.

Tambaya: Ina karatu a Alƙahira, wani lokaci ina zuwa Turkiyya. Yara kan tare mu a wuraren kufai da tsoffin kwandaloli da araha. In saya in kawo gida? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Kada ka saya, ɗalibi. Yawancinsu zubin jiya ne da aka tsufar da ƙasa, in kuwa ka yi rashin sa'a ka samu na gaske, ka shiga hannun hukuma a filin jirgi. Dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 da ta Turkiyya mai lamba 2863 ta wannan shekarar sun haramta fitar da kayan tarihi, kuma ana ɗaure mutane a kai. Nijeriya ma tana da irin tata tun 1979 a kan abin da aka tono a ƙasarta.

Hanyar da ta halatta ita ce dillali ko gidan gwanjo da ke ba da rasit mai hoto, da alkawarin mayar da kuɗi duk ranar da aka gano jabu ne, da tarihin hannayen da abin ya bi. Wanda aka san yana cikin wani tari tun kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ya fi kwanciyar hankali. Takarda ma ana ƙirƙirarta: kwandalar zinariya ta EID MAR, wadda Burutus ya buga a 42 kafin Miladiyya don tunawa da kashe Yuliyus Kaisar, an sayar da ita sama da fam miliyan 3 a Landan a 2020, a 2023 aka mayar da ita Girka bayan an gano tarihinta na ƙarya ne.

Kuma ba sai ka bi ta bayan fage ba don neman araha. An buga dinariyus da miliyoyi, taska ɗaya da aka tono a Reka Debniya ta Bulgeriya a 1929 ta ba da sama da 80,000. Na Seferus ko matarsa Yuliya Domna ko na Gordiyan na Uku mai kyan gani yakan samu ƙasa da dala 100. Fara da waɗannan, masu cikakken rubutu, ka bar su Kaisar da Burutus da Tibariyas, domin su ne masu jabu suka fi bi. Kafin kwandalar farko, sayi sikeli, gilashi mai ƙara girma sau 10 da ma'aunin faɗi na roba, na ƙarfe yana karce baki.